Ƙwaya ta Goma

Carbin Inna Philomène ya tsinke ne ranar wata Talata da hantsi, cikin watan Mayu. Ta yunƙura za ta tashi daga bencin ƙofar gida, sai ya maƙale a ƙusar nan da ɗanta Vital ya yi shekara uku yana cewa gobe zai cire. Ko ƙara bai yi ba. Gicciyen ne kawai ya faɗo kan dutsen bakin ƙofa, ya yi tsalle sau ɗaya, ya kwanta.

"Noélie!" tsohuwar ta ƙwala wa surukarta kira. "Zo ki ga ɓarnar da mijinki ya yi mini, shi yana can wata uwa duniya."

Noélie ta fito daga garken awaki tana goge hannu a jikin bujenta. Ta tsinci gicciyen ta hure shi. Na tagulla ne, bai kai tsawon ɗan yatsa ba, ya sha hannu har furannin da aka zana a jikinsa sun shafe. A tsakiyarsa akwai ɗan gilashi kamar ƙwayar gero, wanda in ka kai shi ido ka fuskanci haske sai ka ga Maryamu a ciki, tsaye, riƙe da jaririnta. Shekara tara ke nan da idon Philomène ya rufe, amma har yau in ta idar da addu'a sai ta kai shi ido tukuna ta sumbace shi.

"Ya fashe?"

"Lafiyarsa lau, Inna. Zobe ɗaya ne ya buɗe."

"To me kike jira? Ko sai na sake koya miki?"

Ita ce kuwa ta koya mata. A ƙauyen Sagnes babu macen da ba ta haɗa carbi. Waya a naɗe a wuyan hannun hagu, ɗan awartaki a dama, ƙwayoyin gilashi a aljihu, ana tafe bayan awaki ana lanƙwasawa, har ranar Alhamis mai keken doki ya hauro daga garin Ambert ya kwashe ya bar sabuwar waya. Maza kuwa tun lokacin kaka suke saɓa zarto su tafi dazuzzukan nesa, sai idin Yohanna, a ƙarshen watan Yuni, a gan su. Rabin matan ƙauyen a gaban Philomène suka fara riƙe awartaki, kuma babu wadda ta manta zafin nata awartakin a bayan yatsa.

Wannan carbin shi ne na farko da Noélie ta taɓa gamawa, tana 'yar shekara goma sha biyu. Carbin farko ba a ba ɗan kasuwa, wadda ta koya miki ake kai wa. Ranar da ta kai shi, ranar ce aka kawo takardar kiran Vital yaƙin Jamusawa. Philomène ta karɓi carbin, ta zura takalmin katakonta, ta gangara coci. Fada, limamin cocin, ya sa wa carbin albarka, ita kuma ta durƙusa ta yi wa Maryamu bakance: in ɗanta ya dawo da ƙafarsa, to kullum sai ta zagaye wannan carbi cif, ba tsallake ko ƙwaya ɗaya, har ranar da za a rufe ta. Vital ya dawo. Sanyi ya cinye masa yatsu biyu na ƙafar hagu, amma da ƙafarsa ya shigo gida, bayan shekara takwas kuma ya auri Noélie. Yau shekara talatin tsohuwa ba ta fasa ba, kuma ta gaskata har zuciyarta cewa duk itacen da ya faɗo a daji ya kauce wa ɗanta, carbin nan ne ya ture shi.

Noélie ta zauna a gefenta ta ciro awartaki. Kafin madara ta tafasa da an gama aikin. Sai hannunta ya yi abin da ya saba yi da kowane carbi kafin ta jefa shi a kwando, abin da Philomène ta cusa musu tun suna yara: ƙidaya kafin ki ajiye. Gida biyar ne, kowane gida ƙwaya goma, tsakanin gida da gida babbar ƙwaya. Shuɗin gilashin yana wucewa ƙarƙashin babban yatsanta, ba ma da tunaninta ba. Goma. Goma. Tara.

Ta koma baya ta sake. Tara.

Da farko ta ɗauka ɗaya ce ta fice da carbin ya tsinke, har ta duƙa tana duba tsakanin duwatsu. Amma tsinkewar a wajen gicciye take, nesa da gida na uku. Ta ɗaga gidan ta kalle shi zobe bayan zobe. Duk a rufe suke, babu wanda aka taɓa buɗewa. Ta gane su sarai: zobban yarinya ne, wani ƙato wani tsukakke, ɗaya ma a karkace, duk sun cinye sun yi sheƙi iri ɗaya. Babu ƙwayar da ta faɗi. Tun farko ba a sa ta ba.

Sai kuma ta tuna Damienne, maƙwabciyarsu mai babbar murya, wadda take jan addu'ar yamma a gindin gicciyen ƙauye duk watan Mayu tun tana amarya. Kowace shekara Inna sai ta dawo gida tana mita, wai Damienne ba ta iya ƙidaya ba, kullum sai ta ƙara ɗaya a gida na uku. Kowa dariya yake yi. Wa zai ce wa Philomène miƙo carbinki a duba?

"Kin mutu ne?" in ji tsohuwa, tana miƙo tafin hannu.

"Akwai wasu zobban da suka ci, Inna. Bari in tafi da shi kiwo, in gyara a tsanake."

"Carbina ya bi awaki?"

"Ai ni ma bin su nake yi, ban lalace ba."

"Ke kika sani."

Kafin ta kora awakin ta shiga ɗaki ta ɗauko gwangwanin tsoffin ƙwayoyin da uwarta ta bari. A bakin rafi, can saman ƙauye inda ba mai ganinta, ta zazzage shi a cinya ta yi ta tona har ta sami shuɗiya ɗaya mai girman sauran. Ta jiƙa ta, ta yi ta goga ta a dutse don kaifin sabunta ya mutu. Tana gogawa tana ta saƙe-saƙe. Mace mai shekara tamanin, wadda ba ta da abin taƙama a duniya sai cewa ba ta taɓa saɓa alkawarin nan ba, a je a ce mata kullum na Allah da gibi take yinsa? Ga Vital yana daji har yanzu, saura wata guda da 'yan kwanaki ya dawo. Gara a toshe gibin a yi shiru. Ta buɗe zoben ƙarshe na gida na uku, don shi ya fi sauƙin buɗewa, ta sa ƙwayar, ta karkata sabon zoben da gangan ya yi kama da 'yan'uwansa, ta shafa masa ƙasa. Ko ita da ta yi, sai ta duba sosai take gane shi.

Da la'asar ta miƙa wa Inna. Tsohuwa ta auna shi a hannu, ta sumbaci gicciyen, ta sa a aljihu.

Da yammar nan suka je gindin gicciyen ƙauye, Noélie tana riƙe da gwiwar hannunta. Damienne ta ja addu'a, mata suna amsawa, rana tana faɗawa bayan itatuwa. A hanyar dawowa Inna ba ta yi mita ba.

Washegari da safe, Noélie tana yanka baƙin burodi, ta ji muryarta daga cikin gado.

"Jiya me kika taɓa a carbin nan?"

"Zoben gicciye, da wasu biyu da suka ci."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Inna."

Tsohuwa ta bar maganar. Shekara ashirin da biyu suna gida ɗaya, sun yi faɗa a kan gishiri, a kan kaji, a kan wanda ya bar ƙofa a buɗe, amma Noélie ba ta taɓa yi mata ƙarya ba, kuma Philomène ta san haka.

Daga ranar sai gidan ya sauya. Miyar kabeji ta huce a gabanta, cokali biyu ta ture kwanon. Ba ta ƙara zagin ƙusa ba, ba ta tambayi ko akuya mai ƙaho ɗaya ta haihu ba. Tana zaune a benci, hannu cikin aljihu, leɓe yana motsi, sai ta tsaya cak kamar mai sauraron tafiya daga nesa, sai ta sake farawa. Ranar Alhamis mai keken doki ya gaishe ta, ita da ba ta barinsa ya tafi sai ta gaya masa wayarsa ta bana ba ta kai ta bara ba, ta amsa da ka kawai. Noélie tana gani, tana gaya wa kanta zai wuce. Hannu zai saba.

Ranar Asabar da safe tana taje mata kai kafin ta ɗaura mata farar hula, sai tsohuwa ta kama hannunta.

"Tura ƙofar nan."

Noélie ta tura.

"Kin tuna yayata Clauda?"

"Na tuna."

"Da kaji ta fara. Ta ce bakwai ne, alhali takwas ne, ta rantse an kawo mata baƙuwa. Ba a yi shekara ba aka riƙa tsinto ta a bakin rafi tana kiran awaki da sunan 'ya'yanta da suka mutu." Ta sassauta murya. "To nawa ya iso, 'yata."

"Haba Inna, wace irin magana ce..."

"Rufe baki ki ji. A gida na uku na carbina akwai wata ƙwaya mai ɗan tsagi. Daga ita sai babba. Shekara talatin, daga ita sai babba, ko cikin barci na sani. Yanzu in na wuce ta sai in ji wata. Na ciji yatsana na sake, tana nan. Na ce to bari in ƙidaya, na ƙidaya, goma ce cif. To in goma ce, ai kullum goma ce, ina wannan ta ɓuya duk shekarun nan? Kwana huɗu kuma ni da Damienne tare muke sauka. Ko dai Damienne ta koyi ƙidaya da tsufanta, ko ni kaina ya fara yoyo. Wa ya taɓa ganin Damienne ta koyi wani abu?"

Ta yi ƙoƙarin dariya, ba ta fito ba. Ta sake kama hannun Noélie.

"In na fara yawo ki ɗaure ni a ƙafar gado, kin ji? Ba zan yi fushi ba. Kada yaron nan ya dawo ya tarar da ni a bakin rafi. In kuma na kai inda ba na iya zagaye carbin, ki riƙe mini yatsu ki ja su. Kada a fasa."

Noélie ta ajiye matajin. Ta durƙusa a gaban kujerar har gwiwarta ta bugi ƙasa, ta ji kanta ta koma 'yar shekara goma sha biyu.

"Inna, kanki lafiya lau. Ni na sa ta."

"Kika sa me?"

"Ƙwayar. Ranar Talata, a bakin rafi. Tara ce a gidan. Tun ranar da na kawo miki shi tara ce, ni na yi kuskuren. Na ji tsoron gaya miki, na yi miki ƙarya."

Philomène ta zare hannunta a hankali, ta ciro carbin, ta bi gida na uku da yatsa har ta kai mai tsagi, ta wuce, ta tsaya a kan sabuwar. Ta kai ta baki ta taɓa da haƙorin da ya rage mata.

"Kin goga ta a dutse."

"Na goga."

"Tara," ta ce, ba da Noélie take ba. "Ina ce mata goma, ina miƙa mata tara. To da me na riƙe yaron nan?"

Ta miƙe da kanta, ta ƙi hannun da aka miƙo mata, ta lalubi bango ta fita ba hula. Ta zauna a benci, farin gashinta a sake, carbin a cinya.

Noélie ba ta kai awaki kiwo ba ranar. Ta yanko musu ciyawa, ta share garke, ta wanke abin da ba ya buƙatar wanki, tana leƙe ta taga. Tsohuwa ba ta motsa ba. Inuwar gida ta janye daga bencin, rana ta hau kanta, ba ta motsa ba. Wajen tsakar rana sai ga Damienne da kwandon ƙwayoyinta, tana tafe tana lanƙwasa waya.

"Kai! Philomène ba hula? Ko miji kike nema, tsohuwa?"

"Zauna, Damienne."

Damienne ta kalli Noélie da ke bakin ƙofa, ta zauna a ɗarare.

"Ashe kin iya ƙidaya," in ji Philomène.

"Na'am? Maimaita, kunnen nan ba ya ji sosai."

"Ba zan maimaita ba. Sau ɗaya ya ishe ki har kabari."

Noélie ce ta ba da labarin, kanta a ƙasa. Damienne ta saki baki, ta tafa hannu, awartakinta ya faɗi.

"A buga ƙararrawa, jama'a! Shekara talatin ana ce mini jaka a gaban yara! Ke kuma Noélie, garin neman gira kin kusa rasa ido. Amma tsaya, malama babba, ke da kike fasa mana yatsu a kan ƙidaya, yaya aka yi bai bi ta hannunki ba?"

"Shi kaɗai ne ban ƙidaya ba," in ji Philomène. "Duk carbin da ya fita daga ƙauyen nan a zamanina na ƙidaya shi, ban da nawa. Ranar ko 'ya'yana aka ce in ƙidaya ba zan iya ba. Yarinya ta yi kuskuren yarinya, ni na yi na babba."

Dariyar Damienne ta tsaya. Ta tsinci awartakinta ta goge.

"To gobe bayan coci ki tambayi Fada. Ya san abin da littafi ya ce."

"Fada yana wurin muka yi maganar? Wancan ya mutu, wannan kuwa lokacin ko wando bai fara sawa ba. Magana ce tsakanin mata biyu masu 'ya'ya maza. Noélie, zo nan. Leƙa ki gaya mini, ta ɓata rai?"

Noélie ta karɓi gicciyen, ta rufe ido ɗaya, ta fuskanci sama. A cikin ƙwayar gilashin ga ta nan, ƙarama, fes, da jaririn a kafaɗa.

"Tana nan yadda take, Inna."

"Haka na zata. Ta fi mu duka iya ƙidaya. Tun ranar farko ta ga tara, ta yi shiru, ta dawo mini da shi. Tun safe nake juya abin, ban ga inda ta rage mini komai ba." Ta karɓi carbin. "Amma don mutum ya yi maka kawaici ba ka cewa ka ci bulus. Wannan baƙuwar da kika sa, a bar ta. Kullum in na zo kanta sau biyu zan yi, ɗaya ta yau, ɗaya ta ranar da ta wuce. Yaushe zan gama?"

"Shekara talatin," in ji Damienne.

"Na yarda da ƙidayarki. Ɗari da goma ke nan. Sai ku haƙura da ni."

"Mun shiga uku," in ji Damienne.

Noélie ta share ido da bayan hannu. "Inna, laifina ne. Bari ni ma in riƙa yin ɗaya kullum, mu raba. Damienne ma in ta taya..."

"Ji mini 'yar nan! So kike ki rage mini kwana? Ba mai taɓa mini ko ɗaya ina numfashi. Ranar da aka rufe ni, abin da ya saura naki ne, ke da carbin. Damienne ce shaida, tunda yanzu ta zama mai ilimi." Ta juyo da fuskarta daidai inda Noélie take, kamar tana ganinta. "Ƙaryar kuwa ita ce ban so ba. Kwana huɗu ina bin yayata zuwa rafi."

"Ba zan sake ba."

"Na sani. Ba ki ma iya ba, muryarki sai da ta yi rawa, ni ce ban so in ji ba. Kawo mini hulata kafin wani ya zo neman aurena. Miyar jiya ta saura?"

Ta saura. Noélie ta ɗumama ta, ta gutsura burodi a ciki, ta ɗora cuku a gefe, tsohuwa ta cinye tas ta nemi ƙari. Da ta kwashe kwanon sai idonta ya faɗa kan ƙusar bencin. Ta ciro awartaki ta kama kanta.

"Me kike yi?"

"Ƙusar nan zan cire."

"Bar ta. Aikin Vital ne. Ya dawo ya tarar da abinsa."

Noélie ta mayar da awartakin aljihu, ta naɗa waya a hannu, ta zauna tsakaninsu. Damienne tana ta ba kanta labarin yadda za ta faɗa wa mata da yamma. Philomène kuwa ta riga ta fara na yau, wanda ba ta yi da safe ba. Noélie tana aiki tana satar kallon yatsunta. Suka wuce gida na ɗaya, suka wuce na biyu, suka shiga na uku har suka kai mai tsagi. A kan ta gaba suka tsaya, suka daɗe, sannan suka wuce zuwa babba.